Lasifika Uku da Amfilifaya Mai Wat 50: Wacce Zan Ɗauka?

Tambaya: Malam, na daɗe ina shirin sauya lasifikokin ɗakin da nake sauraron kiɗa. Ɗakin mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, rufinsa mita 3, kuma ina zama kamar mita 3 daga lasifikokin. Amfilifayata mai taransista ce, wat 50 a kowane gefe. Na saurari Bowers & Wilkins 803, da Klipsch Cornwall, da Magnepan 1.7i, kowacce a wuri daban, kowacce kuma ta burge ni. Wacce ta fi? Kuma dole ne sai na canza amfilifaya?

Amsa: Malam, na gode da ka haɗo da awon ɗakin da nisan kujerarka. Yawancin masu kawo mini irin wannan tambaya sunayen lasifikoki kawai suke jerowa, alhali rabin amsar tana cikin waɗannan alƙaluma da ka bayar.

Bari in fara da inda ake yawan tuntuɓe. Sauraron da ka yi a wurare uku bai kai a kira shi kwatanci ba tukuna. Ɗakuna uku ka ji, da amfilifaya uku, kuma da wuya a ce da ƙarar murya ɗaya aka kunna maka su. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: in an ƙara murya kaɗan, ko da desibel ɗaya ne (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), ba ya gane cewa ƙarawa aka yi, sai ya ce bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya ƙara cika, muryar mawaƙi ta ƙara fitowa. Ido ma yana sa baki. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana bincike kan lasifika a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada kafin ya koma kamfanin kayan sauti na Harman, shi da abokin aikinsa Sean Olive sun sa mutane sun saurari lasifikoki suna kallonsu, suka kuma sa su saurari waɗannan dai a bayan labule. Makin da aka ba su ya canza. Girma da sheƙi da suna sun ƙara wa wasu maki sa'ad da ake ganinsu. A bayan labule kuwa, jama'a sun fi karkata ga lasifikar da ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani, wadda kuma sautin da take watsawa gefe yake kama da wanda take turowa gaba. Ka riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa in mun zo maganar ɗaki.

Waɗannan ukun da ka zaɓa, kowacce da hanyar da maginanta suka bi, shi ya sa "wacce ta fi" ba ta da amsa guda. Cornwall ta fito a 1959 daga hannun Paul Klipsch, mutumin da ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, lokacin da amfilifaya mai wat 10 take da girma a idon mutane. Don haka ya dogara da ƙaho: tuwita (mai fitar da siririn sautin sama) da mai sautin tsakiya duk a cikin ƙaho suke, ƙarƙashinsu kuma wufa (mai fitar da bes) mai inci 15 a cikin ƙaton akwati. Da wuta kaɗan take cika ɗaki, kuma bugun ganga yana fitowa daga cikinta da wani irin zafin nama da sauran biyun ba sa kamowa cikin sauƙi. Bowers & Wilkins kuwa 'yan garin Worthing ne a Ingila, kuma dangin 800 ɗinsu sun yi suna tun da aka sa 801 a sutudiyon ɗaukar waƙa na Abbey Road da ke Landan a farkon shekarun 1980. Ita 803 tana da tuwita ta lu'ulu'u, akwatinta ya haura kilo 60, an gina ta ne don ta nutsa cikin bes ba tare da akwatin ya kaɗa ba. Magnepan, wadda Jim Winey ya kafa a Minnesota a 1969, ba ta da akwati sam. Wani siririn falle ne na leda da aka shimfiɗa wa zaren alminiyam, aka ɗaure shi gaban jerin maganaɗisu. Tsayinta ya haura mita ɗaya da rabi, kaurinta kamar santimita 5 ne, kuma tana fitar da sauti gaba da baya daidai wa daida.

Akwai wata doka da masu gina lasifika suke danganta wa Anton Hofmann na kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa a kan wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Klipsch ya sadaukar da ƙanƙanta. Masu 803 sun bar wa amfilifaya nauyin. Kowane zaɓi da abin da aka biya a kansa.

Yanzu mu zo lissafi, don a nan ne amfilifayarka za ta san matsayinta. A takardar kowace lasifika akwai adadin da ke nuna yawan ƙarar da take bayarwa in an ba ta bolt 2.83, aka auna daga nisan mita ɗaya. Cornwall ta zamanin nan an rubuta mata desibel 102, 803 tana da 90, Magnepan 1.7i tana da 86. Amma akwai tarko a nan. Bolt 2.83 wat ɗaya ne kawai in turjiyar da lasifikar ke yi wa wuta, wadda ake aunawa da om, om 8 ce. A kan om 4, wat biyu ne. Magnepan om 4 ce, saboda haka a kan wat ɗaya na gaskiya desibel 83 take bayarwa. Sannan alƙaluman kamfanoni gabaɗaya sukan ɗara abin da masu awo masu zaman kansu ke samu, musamman a lasifikokin ƙaho, don haka ni a lissafina zan rage wa Cornwall biyar, in ɗauke ta a 97.

Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce, sai dai ba ta da tausayi: duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat, ƙarin desibel 10 kuma, wanda kunne ke ji kamar an ninka murya sau biyu, yana buƙatar wat sau goma. A ce kana sauraro a matsakaicin desibel 80, wanda murya ce mai ƙarfi sosai a ɗaki. Kiɗan da aka ɗauka da kyau, wanda ba a matse shi ba, yakan yi tsalle da desibel 20 sama da matsakaicinsa in an daki ganga ko an sauke hannu a kan fiyano. Kana buƙatar 100 ke nan a kujerarka, na ɗan ƙiftawar ido. Nisan mita 3 a fili yana cin kusan desibel 10, amma lasifika biyu ce ke aiki, bango kuma yana mayar da wani abu, don haka mu ce asarar 5 ce. Lasifikar tana buƙatar ta kai 105 a mita ɗaya. Cornwall za ta kai da wat 6 ko 7. 803 za ta kai da kamar wat 32. Magnepan za ta nemi kusan wat 160. Gaskiya ne doguwar lasifika irinta ba ta rasa ƙara da nisa kamar masu akwati, wannan zai ɗan rage mata, amma ba zai sauko da ita zuwa wat 50 ba.

In ka tsaya a nan za ka ce to 803 ta shiga, tunda 32 bai kai 50 ba. A nan ne nake so ka ba ni hankalinka, domin wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane. Adadin om da aka rubuta a bayan lasifika suna ne kawai. Turjiyarta tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da take fitarwa. 803 an rubuta mata om 8, amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa tana sauka har om 3. Wat 32 a kan om 8 bolt 16 ne, amfiya 2 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Waɗannan bolt 16 ɗin dai, in turjiya ta faɗo om 3, sai amfilifaya ta tura sama da amfiya 5, wato kusan wat 85. Kuma irin wannan faɗuwa a manyan lasifikoki takan zo ne a wajen bes da ƙasan sautin tsakiya, inda kiɗa ya fi nauyi. Amfilifayar da taransifomarta ƙarama ce ba za ta iya ba, ko da an rubuta mata wat 50 da manyan baƙaƙe.

Na taɓa zama a ɗakin wani mai irin wannan haɗi, ƙaramar amfilifaya da lasifika mai wuyar ja. A ƙaramar murya komai lafiya lau. Da ya ɗan murɗa, sai ganga ta fara laushi kamar an lulluɓe ta da bargo, kayan busa suka fara soka kunne. Bayan minti ashirin na ɗora tafin hannu a saman amfilifayar, ban iya barinsa daƙiƙa biyar ba. Can kiɗa ya kai ƙololuwa, muka ji "ƙas" daga cikinta, ɗakin ya yi tsit, sai bayan ɗan lokaci sauti ya dawo. Na'urar kariyarta ce ta yanke don kada ta ƙone. Shi a zatonsa lasifikar ce ke da aibu, har yana shirin mayar da ita. Ya ma yi sa'a, domin amfilifayar da aka tura fiye da ƙarfinta tana aske kan igiyar sauti, kuma a irin wannan hali ne tuwita ta fi ƙonewa.

Saboda haka ka juya takardar amfilifayarka ka nemi abin da take bayarwa a kan om 4. Cikakkiya za ta ninka, wat 50 ya zama 100, amma kaɗan ne ke kaiwa haka. In ka ga 75 ko 80, tana da ƙashi. In ka ga 55, ko ba a rubuta komai ba, ko an yi gargaɗi a bayanta kada a haɗa ta da ƙasa da om 6, to ba abokiyar 803 ba ce, balle Magnepan. Abin da zan ce a yabon Magnepan shi ne om 4 ɗinta kusan a miƙe yake daga ƙasa har sama, ba ya wasa da amfilifaya. Yunwar wuta kawai gare ta. Tarihi ya ga waɗanda suka fi ta: Apogee Scintilla ta shekarun 1980 tana sauka har om ɗaya, kuma amfilifayoyi ƙalilan ne, irin su Krell, suka iya tsayawa gabanta.

Ko da wata rana sha'awar amfilifaya mai kwalba, wato mai aiki da kwalaben gilashi maimakon taransista, ta kama ka, wannan hawa da saukar turjiya zai sake tasowa ta wata fuska. Amfilifaya mai kwalba tana da tata turjiyar a bakin fita, wani lokaci har om 2, yayin da mai taransista takan kasance ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na om. In ka haɗa mai om 2 da lasifikar da ke yawo tsakanin om 3 da om 20, bambancin da zai shiga sautin ya haura desibel 3, wani sashe ya ɗaga, wani ya kwanta. Da yawa daga abin da ake kira "ɗumin kwalba" wannan ne. Kwalbar 300B guda ɗaya, wadda Western Electric ta fitar a 1938, wat 8 take bayarwa, kuma ka ga a lissafinmu Cornwall kaɗai ce za ta rayu da wannan.

Sai ɗakin, wanda shi ne na fi so mu daɗe a kansa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. In ka raba wannan da ninkin tsawon ɗaki, za ka samu sautin da ɗakin yake kumburawa da kansa. Mita 5 ɗinka suna ba da Hz 34 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ƙaramin adadi sauti mai kauri ke nan), mita 4 suna ba da 43, rufin mita 3 yana ba da 57, sannan kowannensu yana da ninki: 69, 86, 114. Igiyar da ta fi kauri a jitar bes tana kan Hz 41, wato dab da 43 ɗin faɗin ɗakinka. A jikin bango waɗannan sautuka suna taruwa su yi ƙugi. A tsakiyar ɗaki cif wasunsu su ɓace kamar an ɗauke. Bambancin desibel 10 zuwa 15 tsakanin wuri da wuri a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kwatanta wannan da bambancin amfilifaya biyu masu kyau, wanda sau da yawa bai kai rabin desibel ba, ka ga inda ya kamata hankali ya fara zuwa. Ƙasa da kamar Hz 200 zuwa 300, ɗaki ne ke mulki, lasifika tana biye.

Ɗakina na farko kusan girman naka ne. Akwai wata waƙa da nake so wadda mai bes yake sauka mataki huɗu a jere. A kujerata uku nake ji, na huɗun ya zama wani gurnani da ke kaɗa gilashin taga. Na ari makirufon awo, na sa manhajar awon sautin ɗaki ta REW, wadda kyauta ce, sai ga tudu a allon kwamfuta daidai inda lissafi ya nuna. Kujerar tana manne da bangon baya. Na jawo ta gaba santimita 60, na manna tef a ƙasa don in san wurin, na sake kunna waƙar. Matakan huɗu suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fuskarsa. Tun daga ranar ba na yarda in yi wa lasifika hukunci sai na san inda aka ajiye ta da inda aka zaunar da ni.

To ya ukun nan za su zauna a mita 5 da 4? Magnepan tana buƙatar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da bangon da ke bayanta, saboda rabin sautinta can yake zuwa. Mita ɗaya a bayanta, uku zuwa kujerarka, ɗaya a bayanka: ɗakin ya ƙare cif, ya isa amma babu rara. Ladar da za ka samu ita ce ba ta watsa sauti gefe sosai, don na gaba da na baya suna kashe juna a nan, saboda haka bangon gefe ba zai dame ta ba. Muryar mutum da kayan tsirkiya suna fitowa daga gare ta a sake, babu ƙamshin akwati ko kaɗan. Amma wurin da ake jin daɗinta kujera ɗaya ce, kuma bes ɗinta, da kamfanin ya ce yana kaiwa Hz 40, ba ya dukan ƙirji. Cornwall an yi ta ne don kusurwa ko jikin bango, sunanta ma daga nan ya fito, ramukan iskarta kuma a gaba suke, don haka za ta bar maka tsakiyar ɗaki. Ƙahonta yana tattara sauti ya nufo ka, wannan ma yana rage abin da bango ke mayarwa. Sai dai faɗinta ya haura santimita 60, biyu za su cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon mita 4. 803 kuwa tana watsa sauti gefe fiye da su, tana kuma da ƙarfin da zai tayar da Hz 34 da 43 ɗin nan gadan-gadan. A nan ne abin da Toole ya gano yake aiki: abin da ya daki bangon gefe ya dawo kunnenka yana cikin abin da kake kira sautin lasifika. In ƙasan ɗakinka tayil ne, bango kuma tsirara, sai ka sa kafet mai kauri tsakaninka da ita, da labule ko kantar littattafai a inda sautin ke fara dukan bango. A ganina 803 ta ɗan yi wa wannan ɗaki yawa. Ƙanwarta 804, ko ma 805 a kan ƙafa tare da sabwufa biyu (akwatunan bes zalla) da aka raba musu aiki a wajen Hz 80, za su fi ba ka bes mai tsabta, domin sabwufa kana iya kai ta inda ɗaki ya yarda, ba inda hoton sitiriyo ya tilasta ba.

Sauran kayan ba za su ɗauke mu lokaci ba. Na'urar CD ko mai sauya sautin dijital takan fitar da bolt 2, kowace amfilifaya ta zamani za ta karɓa. In kana da na'urar juya faifai, ka tabbata mashigarta ta dace da allurarka, don mai maganaɗisu mai motsi tana ba da kusan milibolt 5, mai naɗi mai motsi kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan. Waya kuwa, tagulla mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, a tsawon mita 3, turjiyarta zuwa da dawowa kusan 0.04 ce ta om. Ta isa, ka bar ta haka.

In za ka yi kwatanci na gaskiya, ka roƙi a ba ka aron su zuwa gida, ko a haɗa maka biyu a ɗaki ɗaya da amfilifayarka. Ka daidaita ƙarar muryarsu da na'urar awon ƙara kafin ka fara, ko da ta wayar hannu ce, tunda bambanci kake nema. Ka zo da waƙoƙi huɗu ko biyar da ka haddace, har da wadda ba a ɗauke ta da kyau ba amma kana sonta, don ita ma za ka ci gaba da sauraro. Ka sa muryar mutum yana magana kawai, domin kunne ya fi sanin wannan fiye da kowane kayan kiɗa, kuma nan take zai gaya maka in akwai hanci ko ƙirji da aka ƙara. Sannan ka zauna awa biyu. Lasifikar da ta fi ɗaukar hankali a minti biyar na farko sau da yawa ita ce mai ɗagaggen sautin sama, kuma ita ce za ta sa ka rage murya bayan awa ɗaya.

Da ni ne a ɗakinka da wannan amfilifaya, kuma ba na son canza ta, Cornwall zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Wat 50 a wajenta yalwa ce. In kuma kai kaɗai kake sauraro, muryoyi da kayan tsirkiya ne abin sonka, kana kuma shirye ka nemi amfilifayar da ke ba da wat 200 a kan om 4, to Magnepan ce za ta fi shiga ranka, kuma amfilifayoyin ajin D na yanzu, irin masu ƙunshin kamfanin Hypex ko Purifi, suna ba da wannan ba tare da zafi ko nauyi ba. 803 sai in ɗaki da amfilifaya duk za su canza.

Abu ɗaya za ka gwada kafin ka tsayar da magana a kan Cornwall. Lasifikar da ke yin ƙara da wat ɗaya tana tona asirin duk wani ƙaramin shuuu ko ƙugin wuta da ke cikin amfilifaya, wanda tsohuwar lasifikarka take ɓoyewa. Ka haɗa su, ka kunna amfilifayar ba tare da kiɗa ba, ka murɗa murya zuwa inda ka saba, da dare sa'ad da gida ya yi shiru. In sai ka kai kunne bakin ƙahon kake jin shuuu ɗin, babu komai. In kuwa kana jin sa daga kujerarka a mita 3, amfilifayar ba ta dace da ita ba, kuma wadda za ka nema a madadinta mai shiru ce, ko da wat ɗinta bai kai 50 ba.